Jinin da Bai Bushe Ba

Kun taso kuna jin sunan Baffanku Dauda ba ku san fuskarsa ba, don hoton da ya bari ɗaya ne tak, na katin shaida, shi ma ya ɓata rai a ciki sai ka ce an kama shi da laifi. Abin da kuka sani game da rasuwarsa guntu-guntu ne, kuma kowane guntu akwai wanda ya ƙara masa gishiri. Gwaggonku takan ce motar auduga ce ta take shi nan take, bai ko shura ba. A kasuwar shanu akwai tsofaffin da har gobe suke rantsuwa bijimi ne ya soke shi. Ban taɓa yin musu da kowa ba, saboda duk sanda na buɗe baki zan gyara, sai in fasa. To yanzu tsufa ya zo, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin da ba haka yake ba. Ni ne nake wurin. Da ƙafarsa ya shiga motar da nake tuƙawa, yana yi mani tsiya, kuma ni da shi muka yi tafiyar rabin yini kafaɗa da kafaɗa ban san mutuwa yake yi ba. Shekarar ce na bar kolej na ɗauki sandar kiwo, shi ya sa kuka sami ubanku yana jin Faransanci amma rigarsa tana warin shanu.

Kakanmu daga wajen Haɗeja ya zo Garuwa, ba abin da ya riƙo sai wuƙa da tsinken tsire. Baba ya gaji fawa a hannunsa, daga baya Allah ya buɗa masa ya koma sayo shanu daga kasuwannin arewa yana kawo wa mahautan gari. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki ɗa ba, amma akwai doka guda a gidanmu da muka sha da nono. Yakan faɗe ta a kan tabarma, yakan faɗe ta a mayanka, har a bakin masallaci na ji ya faɗa wa wani:

"Dabba ba ta mutuwa mushe a hannun ɗan gidan nan. In ta faɗi, kafin ka yi ihu ka zaro wuƙa."

Ku da kuka tashi kuna sayen nama a leda ba lalle ku gane nauyin maganar ba. Saniyar da ta ji rauni, in aka yi sa'a aka yanka ta tana da sauran rai, abinci ce. In ta riga wuƙa cikawa ta haramta, sai a ɗaure ta a ƙafa a ja ta bayan gari a bar wa angulaye, kuma mahaucin da hakan ta faru a gabansa zai tsufa ana nuna shi da baki. Yaya Dauda, wanda shi ne ɗan fari, ya ɗauki wannan doka ya sa ta a ƙirji fiye da Baban kansa. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya kallon jini, in na gan shi sai in kawar da kai. Da Baba ya gaji da ni sai ya ce a kai ni boko, ko banza a can ba a yanka komai. Haka na yi ta hawa har na kai kolej a Marwa, na koyi sa wando tsuke da taje gashi. Tun daga nan Yaya ya raɗa mani suna Kumanda, irin yadda ake kiran manyan jami'an gwamnati, bai sake kirana Haruna ba.

A bazarar shekarar da abin ya faru, motar Baba ta a-kori-kura, wadda mu nan muke kira bashe, ta lalace a Marwa aka bar ta wajen makaniki. Dab da hutu sai ga Yaya a ƙofar kolej, da sanda a kafaɗa da malafa a ka, ya taso garke daga kasuwar Bogo zai gangara da shi gida a ƙafa, shi da wani tsohon Bafillace mai suna Bello da ya daɗe yana yi wa Baba kora. Ya miƙo mani ƙunshin kilishi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kumanda, wannan wandon da mai aka shafa maka kafin ka shiga? To saƙon Baba: an gama gyaran motarsa, in an ba ku hutu ka kai masa ita da ƙafafunta huɗu. In ka iske mu a hanya kada ka danna mana oda, shanuna ba su jin Faransanci."

Na ce masa in na iske shi zan wuce ne ko kallonsa ba zan yi ba. Ya yi dariya ya ce ya sani.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na tayar da mota. Ban taɓa yin doguwar tafiya ni kaɗai a kan sitiyari ba, iyakata kai fata da kawo itace a cikin gari, don haka kaina ya kumbura ƙwarai. Na fitar da gwiwar hannu ta taga kamar yadda na ga manyan direbobi suna yi, ina waƙa, ina lissafin yadda zan shiga unguwarmu kafin azahar 'yan mata suna leƙe. Ban bar Marwa da nisa ba na ci karo da shingen jandarmomi na farko. A zamanin nan shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, amma hakan bai rage wa ɗan Garuwa ko shinge ɗaya ba. A nuna lasin, a nuna katin shaida, a nuna takardar haraji, a nuna katin jam'iyya, sannan mai kakin ya tafi da su ƙarƙashin bishiya ya zauna yana juya su kamar mai tsintar shinkafa. Da na samu na wuce, sai a mararrabar Kaele aka sake tsayar da mu gaba ɗaya, wai wani babba zai wuce. Aka jera 'yan makaranta a rana da ƙananan tutoci, muka kashe injuna, hantsi ya ɗaga, yara suka fara faɗuwa don ƙishi. Da babban ya tashi wucewa, baƙaƙen motoci ne da babur a gaba, kafin ka ƙifta ido sun ɓace, ko gilashi ba a sauke ba. Daga nan kuma na faɗa bayan manyan motocin auduga, waɗanda aka yi wa lodi har suna rangaji, ba su sauri kuma ba su ba da hanya. Na zage su, na zagi masu su, na zagi wanda ya fara shuka auduga a ƙasar nan.

Rana ta take tsaka na wuce Figil, ina cewa wahala ta ƙare, sai na hango layin motoci ya miƙe har inda ido ya tsaya, wajen gadar Mayo Luti. Na bi layi na tsaya. Zafi ya yi zafi, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, mutane sun firfito sun fake a ƙarƙashin manyan motoci, mata suna yi wa jarirai fifita. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda yake faɗa ko ƙorafi, sai ma fara'a. Can sai ƙamshin gashi ya bugi hancina. Direban motar da ke gabana, wani ƙaton mutum daga Kusiri mai Hausa da karin Larabci, ya hura wuta a gefen hanya yana juya hanta a kan waya. Ya yafuto ni.

"Zo ka ci, ɗan makaranta. Yau Allah ya ciyar da matafiya. Kamiyon auduga ne ya tsinke birki a gangaren gada, ya afka garken wani Alhaji."

"Wane Alhaji?"

"Oho! Alhazai sun yi yawa. Duk wanda ya taya fiɗa ana ba shi kayan ciki. Ci da zafinsa."

Na karɓa na ci. Wallahi na ci, har na ce a ƙaro gishiri. Ko kusa zuciyata ba ta kawo mani komai ba, don a lissafina Yaya ya daɗe da wuce nan, kuma masu korar shanu ba su hawa gada da rani, ta cikin yashi suke ƙetarewa. Ina cikin taunawa wani mutum ya zo wucewa da kan saniya a kafaɗa, harshenta a waje. Idona ya sauka a kan ƙahon dama, na ga zobe biyu na shuɗin fenti. Alamar Baba ce. Ni nake riƙe masa gwangwanin fentin tun ina yaro. Naman da ke bakina ya zama kamar tsumma, na tofar, na bar mota a buɗe da makulli a jiki na sheƙa da gudu.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin da na tarar ba. Motar ta kife a gicciye a bakin gada, ta toshe hanya ɗungurungum, audugar ta watse ko'ina har cikin kwari, kuma rabinta ta rine ta koma ja. Shanu a zube, wasu a kan titi, wasu a gangare, wasu an riga an feɗe su. Ƙuda ya yi baƙi. Amma cikin wannan hargitsi na lura da wani abu, ko da yake a lokacin ban tsaya tunaninsa ba: kowace saniya an juya wuyanta gabas, kowace da yanka mai kyau a maƙogwaro. Wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ina ta kiran sunan Yaya, ina leƙa ƙarƙashin motar ina tsoron abin da zan gani. Sai na ji daga bayana:

"Kumanda! Sai yanzu? Ai da jaki ka hau da ka riga haka zuwa."

Na juya na gan shi a tsaye, wuƙa a hannu. Daga wuyansa har ƙafarsa jini ne, rigar ta manne masa, har gemunsa ya daskare. Ya kwance rawaninsa ya yi ɗamara da shi a ƙugu, ya ɗaure tamau, yadda mahauta suke yi in aiki ya yi yawa. Na durƙusa a kan titi ina hamdala ina kuka gaban jama'a.

"Yaya, ba abin da ya same ka?"

"Me ka gani? Tashi ka daina ba ni kunya. Je ka kawo motar nan kusa, rana tana cin naman Baba."

Ku tsaya nan ku gane. Wurin cike yake da mutane, akwai direbobi, akwai fatake, akwai mahauta daga ƙauyukan kusa da suka zo da wuƙaƙensu, kuma duk wanda ya dubi Yaya ɗan mahauci ya gani a bakin aikinsa. Jini a jikin mahauci ba abin tambaya ba ne. Da malamin makaranta aka gani da rabin wannan jinin, da tuni an kwantar da shi ana salati. A gabana wani jandarma mai rubuta rahoto ya tambaya ko akwai wanda ya ji rauni ban da direban audugar, wanda ya karye a hannu, ana shirin kai shi asibitin Gidar a wata ƙaramar mota. Yaya ya ce babu kowa. Motar ta tashi a kan idona, alhali akwai sauran wurin zama a kujerar baya. Na ga yana tafiya a hankali yana dogara sanda, na ga ya karɓi butar ruwa ya shanye ya nemi wata, na ce a raina gajiya ce, mutumin da ya yanka shanu masu yawa haka shi kaɗai dole ya galabaita.

Tun da gada a toshe take, sai jama'a suka taimaka muka gangara da bashe ta cikin busasshen kogin, suna turawa tana tonon yashi, har ta hau ɗaya gefen. Aka loda cinyoyi da kafaɗu da haƙarƙari har motar ta zauna, aka rufe da ganyen darbejiya. Abin da ya rage Yaya ya ce a raba wa waɗanda suka taya aiki. Ya kira Bello, wanda ya tattara shanun da suka tsira a ƙarƙashin bishiyoyi, ya gaya masa da Fillanci ya biyo da su a hankali, kada ya matsa masu don sun firgita. Sannan ya ɗauko wani buhu ya ninka ya shimfiɗa a kujerar gaba.

"Kada in ɓata wa Baba kujera," in ji shi. Ya shiga ya zauna ya ja ƙofa da kansa.

Ba mu yi nisa ba muka zo mararrabar da ta tafi Gidar. Na ga ya juya kai ya bi hanyar da kallo, har na rage gudu ina tsammanin zai ce wani abu. Ya ce in miƙe. Ƙarnin jini ya cika motar, ni kuma kun san halina, sai na kafe idona a kan titi na ƙi duban ɓangarensa, ina shaƙar iska ta taga. Ya ba ni labarin yadda abin ya faru, a gutsure, yana hutawa tsakanin magana. Sun tsaya kwana a wani ƙauye saboda wata saniya da ta yi ɗingishi, shi ya sa na iske su. Suna ƙetare titi za su gangara wajen rijiyoyin da ake tonawa a yashi, sai ya ji direba yana ihu daga sama, motar tana zuwa ba birki. Ya ruga ya juya bijimin da ke gaba don sauran su bi shi.

"Wani abu ya buge ni na faɗi, na tashi na ga suna ta shure-shure. Sai na fara da wadda ta fi kusa da tafiya."

"Ya buge ka? A ina?"

"Ɗan taɓi ne. Kai dai duba gabanka, kada ka ƙarasa abin da mai auduga ya fara."

Can ya ce in yi masa Faransanci kada barci ya ɗauke shi. Na yi ta zuba masa abin da muka haddace a aji, yana cewa madalla, ashe kuɗin Baba ba su tafi a banza ba. Sai kuma ya ce in ɗaga gilashi, sanyi yake ji. Sanyi, a tsakiyar bazarar Garuwa, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema! Na yi dariya na ce tsufa ne ya kama shi tun bai yi aure ba. Shi ma ya ɗan yi dariya, ya jingina kansa da ƙofa.

Na manta Lahadi ce ranar kasuwar Pitowa. Muka iso kasuwa tana tashi, titi ya cika da jakuna da kekuna da mata masu tulu a ka, da awaki da ake ja suna turjewa. Oda ba ta aiki, kowa tafiyarsa yake. Muka yi ta rarrafe har muka kai shingen bakin gari, nan kuma jandarma ya ɗaga ganye ya ga nama, ya ce ina hatimin likitan dabbobi. Nama ba hatimi ba ya shiga Garuwa. Na fito na tsaya na buɗe masa Faransancin kolej, na yi bayani, na kawo hujja, na sake kawo wata, shi kuma yana jin daɗin musun, ga layi ya taru a bayanmu. Ya zagaya ya leƙa ta tagar Yaya, ya toshe hanci ya ja da baya, ya tambaye ni ko mahaucin nan barci yake. Yaya ya buɗe ido da kyar.

"Kumanda, bar surutun nan. Ba shi cinya ɗaya. Halal ce, ni na yanka."

Aka sauke cinya, aka ɗaga shinge. Na shiga mota ina huci ina cewa ƙasar nan ba za ta gyaru ba. Da muka shigo gari na ce ko in fara sauke naman a kasuwa, sai Yaya ya ce a'a, in kai shi wajen Baba.

An idar da la'asar muka shiga unguwa. Labari ya riga mu zuwa ta bakin direbobi, don haka Baba yana tsaye a ƙofar gida da abokan zamansa, maƙwabta sun taru. Da ya hango mu mu biyu a gaban mota, na ga kafaɗunsa sun sauka, ya shafa fuska. Ya zagaya baya ya ɗaga ganye ya duba naman, sannan ya dawo wajen tagar Yaya.

"Sannu, Dauda. An samu yanka su?"

"Duka, Baba. Ko ɗaya ba ta riga ni ba."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka. Dukiya ta Allah ce. Sauko ka yi wanka."

Bai sauko ba. Ya kai hannu ga marfin ƙofa, hannun ya zame. Baba ya buɗe masa da kansa, kuma yana buɗewa jini ya biyo bakin ƙofar ya zubo a kan takalminsa. Buhun nan ya jiƙe sharkaf, ƙasan motar ya taru kamar an zubar da kwano. Baba ya tsaya. Ya dubi jinin da ke ƙirjin rigar da hannuwanta, wanda ya bushe ya yi baƙi har yana farfashewa. Ya sunkuya ya taɓa wanda yake ɗiga, ya murza shi a yatsunsa. Da ya ɗago, fuskar da na gani ban taɓa ganinta a jikinsa ba.

"Na shanu ya bushe tun a can. Wannan na waye?"

Ya sa hannu ya ɗaga rigar daga saman ɗamarar. A kwiɓin dama, ɓangaren da ke jikin ƙofa, wanda ba na gani daga inda nake zaune, akwai rami da hannun yaro zai shiga, an cusa masa auduga an danne da rawani. Audugar motar nan ce ya ɗiba ya toshe kansa da ita. Na tsaya riƙe da sitiyari, bakina a buɗe, kunnuwana suna ƙara. Tun daga gada nake zaune kusa da wannan ramin ina yi masa Faransanci.

Baba ya shiga motar da babbar rigarsa ya rungume shi a cinya, ya danne wurin da tafin hannu, ya daka mani tsawa in ja. Asibiti ba nisa. Abin da har yau yake tsaya mani a rai shi ne hanyar fayau take. Yini guda ana tsare ni, jandarma da babba da auduga da jakuna, amma a wannan 'yar tafiyar ko akuya ba ta gitta ba. Ina jin Baba yana magana ƙasa-ƙasa.

"Don me ba ka faɗa ba? Dauda, don me ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Da na faɗa da sun ɗauke ni, Baba. A bar shanun suna shure-shure."

"To bayan ka gama fa?"

"Na ga kamar zan kai."

Daga nan sai Baba ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, na ji yana amsawa, sannan na ji Baba shi kaɗai. Muna shiga ƙofar asibiti ya ce mani in juya mu koma gida.

Inna, saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba tun da na yi wayo, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Ranar, da aka shigo da shi, ta kira sunan da ƙarfin da aka ji har bayan layi. Bello da ya iso da sauran shanun daga baya ya ce ƙarfen gefen motar ne ya same shi. Ya ce ya gan shi ya zagaya bayan motar ya tsuguna jim kaɗan, ya ɗauka fitsari yake, sai ya ga ya fito yana ɗaure ɗamara yana neman wuƙa. Tsohon yana faɗa yana bugun ƙirjinsa.

Aka sa jana'iza da safe. Bayan magariba bashe tana nan a ƙofar gida da lodinta, kowa yana kewaye ta, ba mai son ya duba wajen. Da zafin nan, in aka bar naman ya kwana haka ya tashi daga aiki. Wani ƙanen Baba ya ce a kai shi bakin kogin Binuwai a zubar, ba mai iya sayar da shi balle ci. Baba ya tashi ya shiga cikin gida, ni ina biye da shi. Inna tana zaune a ƙasa a ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta.

"A hura wuta," in ji shi. "A dafa naman nan, gobe masu gaisuwa su ci."

Inna ta ɗago jajayen idanu.

"Ba a tukunyata ba, Alhaji. Naman da ya cinye mani ɗa?"

"To in bar shi ya ruɓe? Yaron nan ya tsaya da rami a cikinsa don kada ya zama abincin angulu. In na zubar, me zan ce ya yi?"

Inna ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗakin girki ta jawo babbar tukunyar da ake dafa abincin suna, ita kaɗai, ta ƙi bari kowa ya kama mata. Maƙwabta suka kawo nasu tukwanen, mahautan Baba suka sauke naman suna sara.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, aka fito da manyan akusa aka jera a gaban mutane. Kowa ya san naman da ke ciki. Mahauta ne da dillalan shanu, mutanen da suka tsufa a cikin nama, amma ba wanda ya miƙa hannu. Tururi yana tashi, kowa ya sunkuyar da kai. Sai Baba ya jawo akushin da ke gabansa, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ɗauki tsoka ya sa a baki. Mutane suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina gefensa, ina ganin abin da sauran ba su gani ba. Ya tauna, ya tauna, hawaye yana bin gemunsa yana sauka a cikin romon, har aka cinye aka kwashe akusa aka kawo ruwan wanke hannu, tsokar nan tana bakinsa bai iya haɗiye ta ba.